Daga Gayya zuwa Zauren Taro: Tarihin Taron Ƙungiyoyin Taimakon Jama'a a Ƙwanni, Malbaza da Illela

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe ko da ƙaramin muƙami a wata ƙungiya, ta malamai ce ko ta raya al'adu ko ta taimakon jama'a, ya san irin takardar nan mai hatimi da kan iso ofis: ana gayyatar ƙungiyarku ta aiko da wakilai biyu zuwa taron jiha, Asabar da Lahadi, a Tawa ko a Birnin Ƙwanni. Ya san yadda ake shiga motar haya tun yammacin Juma'a, da yadda ake raba masauki, da yadda ake zaman jiran manyan baƙi har rana ta take kafin a buɗe taro da addu'a. Ya san jawabai, da rarrabuwa zuwa ƙananan kwamitoci, da karanta shawarwari ranar Lahadi da la'asar, da hoton da ake ɗauka a bakin ƙofa. Abin da ba kowa ke tsayawa ya tambaya ba shi ne: idan wakili ya koma garinsu ranar Litinin, wa yake zuwa ya gaya wa abin da ya jiyo, kuma me ke canzawa a garin saboda tafiyar da ya yi?

Wannan tambaya tana da tarihi mai tsawo a ƙasarmu, domin kuwa taruwar mutane don su tsara aikin da zai amfani jama'a ta girmi zauren taro da lasifika. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan al'ada a gundumomi uku na kudancin jihar Tawa, wato Birnin Ƙwanni, da Malbaza wadda aka cire daga Ƙwanni ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, da kuma Illela. Illelar da ake nufi a nan ita ce ta Adar, mazaunin Sarkin Adar. Akwai wata Illela a ƙetaren iyaka cikin jihar Sakkwato, mai fuskantar Ƙwanni, wadda masu karatu na nesa kan rikita da ita.

Abin da tarihin ya nuna, kamar yadda za mu gani, shi ne taro yakan haifar da aiki idan waɗanda suka je su ne masu yin aikin da hannunsu, kuma jama'ar da ta aike su tana da ikon tambayarsu bayan sun dawo. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa biyu ya faɗi, sai taro ya ƙawatu a ido, amma amfaninsa ya tsaya a bakin zaure.

Gayya da samariya a ƙasar Hausa

Tushen aikin taimakon jama'a a ƙasar Hausa shi ne gayya. Manomin da aiki ya fi ƙarfinsa, ko saurayin da zai yi wa surukinsa noma, ko mai garin da ke son a yashe rijiya, yakan sanar da rana, ya tanadi fura da tuwo, ya kira makaɗan gangar noma. Ba a biyan ɗan gayya lada, sai dai kowa ya san bashi ne ya ɗora, wanda za a biya shi ranar da tasa buƙatar ta taso. Wanda ya saba ƙin fita gayyar mutane, ranar da ya kira tasa zai ga iyakarsa. Hukuncin ke nan, kuma ya wadatar, domin a ƙauye kowa ya san gonar kowa. Da Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bayanin aiki suke yi kamar yadda yake: jinka ana ɗinka ta a ƙasa, sai an taru a ɗaga ta a aza bisa ɗaki.

Ƙungiyar da ke riƙe da wannan aiki a gari ita ce samariya. Samari sukan zaɓi sarkinsu, mai gari ya tabbatar da shi, sa'an nan sarkin samari ya naɗa nasa muƙarrabai da sarautu irin na fada, kamar galadima da waziri da alƙali. Ƴan mata ma suna da tasu shugabar. Aikin samariya ya haɗa da noman gayya, da gyaran hanyar kasuwa, da share maƙabarta, da karɓar baƙi, da shirya wasanni a dandali. A nan yaro ke koyon magana a gaban mutane, da biyayya ga wanda ya girme shi, da biyan tara idan ya saɓa wa abin da aka amince a kai.

Wannan samariya tana da irin nata taron na yanki. Da kaka, bayan an sa hatsi a rumbu, samarin wani gari kan aika wa na maƙwabta goron gayyata, su zo a kwana biyu ko uku ana kokowa da dambe da kiɗa. Masu masauki su ke ciyar da baƙi daga abin da suka tara da kansu, kuma baɗi su ne za su je a rama musu. A irin wannan haɗuwa ake ganin irin gero na wani gari, a ji yadda suka bi da wata matsala, a ƙulla abota har da aure. Zumunta a ƙafa take. Abin lura a nan shi ne lokacin taron yana bin kalandar noma da ranakun kasuwa, masu zuwa su ne masu riƙe da hauya, kuma idan sun dawo, dandalin da ya sallame su shi ne ke jiran labari.

Zamanin Nasara da na jam'iyyu

Birnin Ƙwanni ya fara sanin Faransawa ta hanya mafi muni. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa birnin, ta karkashe jama'a masu yawan gaske, ta ƙone gidaje. Yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1904 da 1906 su suka tabbatar da Ƙwanni a ɓangaren Faransa, suka raba ta da Sakkwato wadda take hulɗa da ita tun zamanin jihadi. Mulkin da ya biyo baya ya zo da haraji da aikin tilas: gyaran hanyoyi, ɗaukar kaya, gina barikin kumandan. Idan kumandan ya nemi mutane wajen sarki, sarki ya nema wajen mai gari, to ƙarshenta samari ne ke fita. A nan ne aikin taro ya fara samun ma'ana biyu a kunnen talaka, akwai wanda yake yi don ɗan'uwansa, akwai wanda yake yi don tsoron bulala. An soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny, amma tabon ya daɗe bai goge ba.

Samari ba su rasa hanyar mayar da martani ba. A wannan zamani ne sarautun samariya suka ƙaru da irin su gwamna da kumandan da likita, ana kwaikwayon tafiyar masu mulki da maganarsu a dandali, jama'a na dariya. Wasan kara na Damagaram shi ne ya fi shahara a wannan fanni.

Da siyasar jam'iyyu ta kankama, sai kowace jam'iyya ta gane cewa wanda ya samu sarkin samari ya samu gari. PPN-RDA ta Jori Hamani, wadda aka kafa a 1946, da Sawaba ta Jibo Bakari, duk sun yi zawarcin samariya a shekarun 1950, har garuruwa da dama suka wayi gari da dandali a rabe. An haramta Sawaba a 1959. A Oktoban 1964, lokacin da mayaƙanta suka shigo ta iyakokin ƙasa, yankin Ƙwanni na cikin wuraren da aka zubar da jini, kuma an sa mutanen ƙauyuka farautar ƴan'uwansu. Gwamnatin Jori ta kafa nata hanyoyin haɗa jama'a, irin su ƙungiyar UNCC ta bashi da gama-kan manoma, da kulob-kulob na sauraren rediyo, dukansu a 1962, da kuma ma'aikatan wayar da kan ƙauye. Wasu daga cikin waɗannan sun yi amfani sosai. Sai dai tsohuwar samariya ta fita daga wannan zamani a raunane, domin ƙungiyar da ta zama ta jam'iyya ta daina zama ta gari duka.

Samariyar zamanin Kunce da manyan tarurruka

Sojoji sun karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na cikin yunwar da farin shekarun nan ya haddasa. Saini Kunce ya rushe jam'iyya da majalisa, sai ya zamana yana buƙatar wata igiya da za ta haɗa shi da talakawa. Ya same ta a samariya. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka farfaɗo da ita a kowane ƙauye da kowace unguwa, aka yi mata shugabanni hawa-hawa tun daga gari har zuwa Yamai. Ƙungiyar Matan Nijar, AFN, ta biyo a 1975. A 1979 aka kafa hukumar da za ta tsara abin da aka kira da Faransanci Société de développement, wato tsarin raya ƙasa mai majalisu tun daga ƙauye har matakin ƙasa, wanda aka aza bisa ginshiƙai biyu: samariya da ƙungiyoyin gama-kai na manoma. Majalisar ƙasa ta wannan tsari, CND, ta fara aiki a 1983.

Adalci ne a faɗi abin da wannan samariya ta yi. Ta gina azuzuwan makaranta da tubalin ƙasa, ta kewaye maƙabartu, ta dasa itatuwa, ta noma gonakin ƙungiya, ta share tituna da kasuwanni. A garuruwa da yawa na Ƙwanni da Adar, ajin farko da yaro ya zauna a ciki hannun samarin garin ne ya ɗora shi. Zamanin ya dace da wasu manyan canje-canje a yankin. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1960, ta tara ma'aikata daga sassan ƙasa. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 aka gina filin noman rani na Ƙwanni, mai shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kan Majiya, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA da aka kafa a 1978, kuma dubban manoma suka shiga ƙungiyoyin gama-kai don rabon ruwa da biyan kuɗinsa. Albasar Galmi kuwa tana ƙara suna a kasuwannin Afirka ta Yamma.

Kan gaba a tarurrukan wannan zamani akwai guda biyu. Gasar kokowa ta ƙasa an fara ta a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa na farko. Bikin matasa na ƙasa kuwa an fara shi a Damagaram a 1976, daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi, ana yin sa cikin Afrilu daidai da zagayowar ranar juyin mulki. Kafin a kai ga babban biki sai an yi tankaɗe da rairaya: unguwanni da ƙauyuka su kara a gaban superefe, wato kantoman gunduma na wancan lokaci, gwanayen Ƙwanni da na Illela su haɗu da na sauran gundumomi a Tawa, sa'an nan a fitar da tawagar da za ta wakilci jiha a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo da wasannin motsa jiki. Garin da ya karɓi biki yakan samu filin wasa da gidan matasa da gyaran tituna.

Malaman makaranta sun taka rawa babba a nan. Su ne sau da yawa ke tsara wasan kwaikwayo, su horar da ƴan wasa da dare bayan an tashi daga lakwal, su riƙe littafin ƙungiya. Yazi Dogo, wanda sunansa ya zama ɗaya da wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, malamin makaranta ne. Wasannin sukan taɓo tafiya bida, da auren dole, da cin hanci, da sa yara makaranta, kuma Janet Beik ta yi nazarinsu a littafin da ta fitar a 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar. Ga saurayi ko budurwar da ba ta taɓa wuce kasuwar Laraba ta Ƙwanni ko ta Alhamis a Badagishiri ba, tafiya biki makaranta ce: a can ta fara ganin rawar Barebari da ta Zabarmawa da ta Buzaye a fili ɗaya, ta fahimci faɗin ƙasar da ake ce mata tata ce.

To amma akwai ɗaya fuskar. Hukuma ce ke kiran taro, ita ke ba da mota da abinci, ita ke zaɓen jigon da za a yi waƙa a kai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wasa na iya sukar ƙaramin ma'aikaci mai karɓar toshiya, amma ba ya haura nan. Shugabancin samariya a garuruwa da dama ya koma hannun dattawa masu hali da ke kusa da hukuma, waɗanda suka daɗe da barin samartaka. Ana fito da samari da ƴan mata su jeru a bakin hanya cikin rana don tarbar shugaban ƙasa, kuma ƙin fita ba abu ne mai sauƙi ba. Rahoton wakili ya juya alƙibla: da can dandali yake kai wa, yanzu kuwa ofishin superefe. Manyan tarurrukan ƙasa, irin na Damagaram a 1982 kan dabarun raya karkara da na Maraɗi a 1984 kan yaƙi da hamada, sun fito da shawarwari masu ma'ana, har suka amince cewa ayyukan da ake tsarawa daga sama ba tare da manoma ba sun gaza. Sai dai masu faɗin haka a zauren akasarinsu ma'aikatan gwamnati ne.

Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987. A 1989, ƙarƙashin Ali Saibu, tsarin raya ƙasa ya rikiɗe ya zama jam'iyyar MNSD, samariya ta zama reshenta a idon jama'a. Da aka buɗe Babban Taron Ƙasa a Yamai, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai da sababbin jam'iyyu ne ke da murya, kuma suna kallon samariya a matsayin ƴar amshin shatan mulkin soja. Cikin ƴan shekaru ta watse. Ƙungiyar da ta rayu ɗaruruwan shekaru da furar ƙauye ta kasa rayuwa bayan an janye mata motar gwamnati.

Sababbin ƙungiyoyi da taron ƙarshen mako

Siffar taron da muka bayyana a farkon wannan maƙala, mai ajanda da kwamitoci da kwana biyu a ƙarshen mako, ta samo asali ne daga wata al'ada dabam. A Shikago ta ƙasar Amurka, lauya Paul Harris ya kafa kulob ɗin Rotary a 1905, Melvin Jones kuma ya kafa Lions a 1917. Kulob-kulob ne na ƴan kasuwa da masu sana'o'in ofis, masu biyan kuɗin ƙungiya daga aljihunsu, kuma an rarraba su yanki-yanki, kowane yanki da taronsa na shekara. Tarihinsu ya nuna cewa taro na iya juya akalar ƙungiya: a babban taron Lions na 1925 ne Helen Keller, wadda makauniya ce kuma kurma, ta roƙe su su ɗauki nauyin makafi, kuma tun daga nan lafiyar ido ta zama babban aikinsu. A ƙasar Hausa, an kafa kulob ɗin Rotary a Kano a 1961. A Nijar irin waɗannan kulob sun fi zama a Yamai.

Duk da haka aikinsu ya iso ƙauyukanmu ta wata hanya. Rotary ta ƙaddamar da shirin yaƙi da shan inna a 1985, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar nauyin rigakafin a duniya. Ƙwanni, da yake ƙofa ce tsakanin ƙasashe biyu, tana cikin wuraren da aikin ya fi wuya, musamman bayan da aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin arewacin Nijeriya a 2003, cutar ta sake bazuwa. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Kuɗin da aka tara a zaurukan taro na nesa ya taimaka ƙwarai, amma wanda ya ɗiga maganin a bakin yaro shi ne ma'aikacin asibiti, da matar da ta san kowane gida a unguwa, da mai gari da liman da suka lallashi magidanta.

Bayan sassauta dokar ƙungiyoyi a 1991, ƙungiyoyi masu zaman kansu sun yawaita, tare da su kuma tarurrukan ƙara wa juna sani. A nan wata sabuwar cuta ta shigo, wato kuɗin zama, abin da ake kira perdiyem. Inda ake biyan mutum don ya zauna, zaɓen wakili kan zama rabon alheri, sai a ga fuskoki iri ɗaya a taron lafiya da na ilimi da na noma. Shi kansa ƙarshen mako hutun mai albashi ne. Manomin albasa a Galmi ko mai rabon ruwa a filin Ƙwanni ba ya lissafi da Asabar da Lahadi, kuma matar da ke da ƙananan yara da wuya ta kwana biyu a wani gari. Tun ranar 13 ga Mayu 1991, da matan Yamai suka yi zanga-zanga saboda an kusa mantawa da su a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, tambayar wa ya cancanci kujera a zaure take nan ba ta tsufa ba.

A gefe guda, tsohuwar ɗabi'ar gayya ta sake tsirowa da kanta. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, ya bazu a ƙasa har ya ƙetara zuwa wasu nahiyoyi, kuma ƙarfinsa shi ne mata na haɗuwa kowane mako a kan kuɗinsu, ana buɗe akwati a gaban kowa. Fadojin samari da suka yawaita tun shekarun 1990, duk da zargin zaman banza da shan shayi da ake yi musu, da yawansu kan fita yashe lambatu da gadin unguwa ba tare da wani ya umarce su ba.

Tafiyar manoman Illela

Akwai tafiya ɗaya da ta cancanci a riƙa ba da labarinta a makarantunmu. Bayan farin 1984, wanda ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya daga 1984 zuwa 1986 har jama'a suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari, tudun Adar ya cika da faƙo, ƙasa mai tauri wadda ruwan sama ke gudu a kanta bai shiga ba. A ƙarshen shekarun 1980 wani shirin kare ƙasa da ruwa da asusun FIDA ya ɗauki nauyinsa a gundumar Illela ya kai wasu ƴan manoma ƙalilan yankin Yatenga na Burkina Faso. A can suka ga yadda manoma suka inganta tsohuwar dabarar ramuka da suke kira zai: a haƙa rami da rani a kan faƙo, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki a ciki. Gara takan bi takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse, sai a shuka gero ko dawa a ciki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shahara da wannan aiki a Yatenga, marigayi Yakuba Sawadogo, ya kasance yana tara manoma a garinsu don musayar iri da dabaru.

Mutanen Adar sun san irin wannan rami da sunan tassa, amma ganin yadda aka faɗaɗa shi aka haɗa da taki shi ya buɗe musu ido. Gani ya kori ji. Da suka dawo, suka gwada a ƴan filaye kaɗan. Damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da amfani a inda na kusa da su suka ƙone. Maƙwabta suka zo suka duba da idonsu, suka koma suka ɗauki diga. Cikin ƴan shekaru aka farfaɗo da dubban kadada a kewayen Badagishiri da sauran sassan gundumar, faƙon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa, wasu samari kuma suka mayar da haƙar tassa sana'ar rani.

Me ya bambanta wannan tafiya da ɗaruruwan tarurrukan da aka manta da su? Kuɗin mota daga waje ya zo, kamar yadda ya zo wa samariyar Kunce. Bambancin yana ga waɗanda aka aika da wurin da suka kai rahoto. Manoma ne suka je wajen manoma, suka ga abin da ya shafi cikinsu, kuma rahotonsu gona ce a bakin hanya wadda kowa zai iya tsayawa ya duba. Sharuɗɗan nan biyu na tsohuwar samariya sun cika, ko da yake ba da sunanta aka yi tafiyar ba.

Kammalawa

Ba a rubuta wannan don a hana kowa zuwa taro ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma malamin da ke aiki shi kaɗai a ƙauye mai nisa yana buƙatar ya ga abokan aikinsa, ya ji cewa matsalarsa ba tasa ce shi ɗaya ba. Abin da tarihin Ƙwanni da Malbaza da Illela ke koya mana shi ne mu kula da abubuwan da ke kewaye da taron. Ƙungiya ta zaɓi wakilinta a gaban membobi, ta fifita wanda aikin ke hannunsa a kan wanda ya iya jawabi. Ta sa wani abu daga asusunta a kuɗin tafiyar, komai ƙanƙantarsa, domin wanda ya ba da guzuri shi ke da bakin tambaya. A sa ranar jin rahoto tun kafin wakili ya shiga mota. Masu shirya taro kuma su duba kalandar noma da ranakun kasuwa kafin su tsayar da rana, su yi magana da harshen da mahalarta ke ji. In ba haka ba, sai a yi taron tsintsiya ba shara.

Akwai kuma wani aiki na gaggawa da ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Waɗanda suke da shekara ashirin lokacin bikin Damagaram na 1976 yanzu sun kai saba'in ko sun kusa. Suna nan a unguwannin Ƙwanni, da Tsarnawa, da Gidan Idar, da Dogarawa, da Tajaye, tsofaffin sarakunan samari da ƴan wasa da mawaƙa, wasu da hotuna da takardun yabo a ƙarƙashin akwati. Su ne suka san ajin da aka gina da gayya da wanda aka gina da tsoro, kuma wannan bambanci ba ya cikin rahoton kowane superefe. Malamin da ya aika ɗalibansa su zauna da ɗaya daga cikinsu, su rubuta abin da ya faɗa da Hausa, ya ajiye wa ƙasa abin da ba za a sake samu ba idan mai shi ya kwanta dama. Ƙungiyar da ta tattara irin waɗannan rubuce-rubuce daga garuruwa goma ta samu abin da za ta kai taron jiha na gaba, kuma ta samu abin da za ta dawo da shi gida. Allah ya sa mu dace.